Na Ninka wa Shanuna Dusa, Madara Ta Koma Baya: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon shanun tatsa huɗu a bayan gari, biyu Bunaji, biyu kuma ruwa biyu ne, Bunaji da Firiziyan, irin shanun Turai masu yawan nono. Da rani ya shiga ciyawa ta ƙare, sai na koma ba su dusar masara, ina dama ta da ruwa a baho safe da yamma, tare da ɗan karan dawa. Da na ga madara ta ƙaru sai na ninka dusar. Bayan 'yan makonni madarar ta ja baya, kashinsu ya yi ruwa, ɗaya tana ɗingishi, matar da ke sayen madarar kuma ta ce ba ta samun mai kamar da. Dusar ce ba ta da kyau? Wace dusa ta fi kawo nono, kuma nawa ya kamata in ba kowace saniya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a kiwo. Ba lallai ne dusar taka ta lalace ba. Alamomin da ka lissafa, kashi mai ruwa, ƙarancin mai a madara, ɗingishi, da madarar da ta hau sannan ta sauko, duk wuri ɗaya suke nuni: tumbin shanunka ya yi tsami. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Dusa ta yi yawa, abin tuƙa ya yi kaɗan, kuma akwai abubuwa biyu da dusar masara ba ta da su isassu, furotin, sinadarin gina jiki, da kalsiyam, sinadarin ƙashi, waɗanda ba ka cike musu ba.

Sai ka fahimci abin da ke gudana a cikin tumbi kafin sauran bayanin ya zauna maka. Abin da saniya ta haɗiye, ba ita ce ke fara narkar da shi ba. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke warware ciyawa da kara da dusa, su mayar da su abin da jininta zai ɗauka ya kai hantsa. Cikinsu akwai masu aiki a kan kara da ciyawa, akwai masu aiki a kan sitaci, wato garin hatsi. Masu aikin ciyawa a hankali suke tafiya, kuma ba sa jure tsami. Masu aikin sitaci kuwa gaggawa gare su, da sun samu gari mai yawa a lokaci ɗaya sai su hayayyafa, su cika tumbin da tsami, kamar yadda gasara ke yi idan ta kwana a lokacin zafi. A ma'aunin tsami da ake kira pH, lafiyayyen tumbi yana tsakanin 6 da 7. Idan ya riƙa sauka ƙasa da 5.8 yana daɗewa a can kullum, masu aikin ciyawa sai su fara mutuwa.

Maganin da Allah ya yi wa saniya a kan wannan shi ne yawunta. Babbar saniyar tatsa tana fitar da yawu fiye da lita 100 a rana, kuma yawun nan yana ɗauke da sinadarin da ke kashe tsami. Amma yawu ba ya zuwa sai da tauna. Saniya mai ƙoshin lafiya tana shafe awa bakwai zuwa takwas a rana tana tuƙa, abin da ke sa ta tuƙa kuwa shi ne abinci mai tsawo da kaushi, irin su kara, harawa da busasshiyar ciyawa. To kai ka dama dusa ta zama kunu, saniya ta kafa kai ta zuƙe baho guda cikin 'yan mintoci, ba tauna, ba yawu. Cikinta ya cika, sai ta rage cin karan da ma kaɗan ne. Ka ga an ƙara abin da ke kawo tsami, an rage abin da ke kashe shi.

Ka gwada wannan da kanka. Da azahar, lokacin da suka kwanta a inuwa, ka tsaya ka ƙirga masu tuƙa. Ya kamata a ce fiye da rabinsu bakinsu na motsi. Sannan ka duba kashin da safe. Na lafiyayyar saniya yana sauka ya tsaya a dunƙule, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Na mai tsamin tumbi yana fantsama, launinsa ya yi fari-fari, wani lokaci ka ga kumfa a kai, yana warin tsami, idan ka tona da tsinke ka tarar da ɓarɓashin dusa da guntayen kara da ba su narke ba. Wannan kuɗinka ne ya bi ta cikin saniya ya fito bai yi aikin komai ba.

Ƙorafin mai sayen madararka gaskiya ne, kuma ita ce ta fara gano ciwon kafin kai. Kaso mai yawa na man da ke cikin madara daga narkewar ciyawa da kara yake samuwa. Idan masu wannan aiki sun raunana, mai zai ragu. Ƙari a kan haka, dusar masara tana ɗauke da nata man daga ƙwayar tsiron masarar, kuma irin wannan mai idan ya haɗu da tumbi mai tsami yana rikiɗa ya zama abin da ke hana hantsa haɗa mai. Shi ya sa za ta kaɗa nonon har hannunta ya gaji, ɗan curin da zai taso bai kai na da ba. Ɗingishin ma da wuya ya rasa nasaba da wannan, don tsamin tumbi idan ya daɗe yana taɓa naman da ke cikin kofato. Duk da haka a ɗaga ƙafar a duba, kada ya zama ƙusa ce ko ruɓewar tsakanin kofato.

Yanzu ga lissafin da nake so ka zauna ka yi da biro. Mu ɗauki ɗaya daga ruwa biyun nan, nauyinta kamar kilo 350, tana ba da lita 8. Don ta riƙe jikinta kawai tana bukatar furotin kimanin giram 350 zuwa 400 a rana. Kowace litar madara kuma tana cin kimanin giram 85. Jimla ya kama kilo ɗaya da 'yan kai. Busasshen karan dawa a tsakiyar rani furotin ɗinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, don haka kilo 5 na kara zai ba ta kamar giram 200. Dusar masara tana da kashi 10 zuwa 12 cikin 100, kilo 5 zai ba ta kamar giram 550. An samu 750. Giɓin da ya rage ya kai na lita uku na madara ko fiye. A makonnin farko saniya za ta cike giɓin daga naman jikinta, shi ya sa ka ga madara ta hau har ka ji daɗi. Da ajiyar ta ƙare, ga tumbi ya rikice, sai madara ta sauko. Ƙara mata dusar masara ba zai toshe wannan giɓi ba, domin kafin furotin ya isa, sitaci ya riga ya yi ɓarna.

Ka tambaya wace dusa ta fi. Sunan ɗaya ne, amma abin da ke cikin buhunan ya sha bamban.

Dusar masara ta fi sauran ba da ƙarfi, musamman ta injin unguwa da ake ɓarzar masarar tuwo, wadda tsaki da gari ke bi. Wannan garin shi ne amfaninta, shi ne kuma haɗarinta. Dusar gero da ta dawa ta surfen gida ma haka suke, gwargwadon hannun mai surfen. Ta gero ta ɗan fi ta masara furotin. Dusar alkama, wadda ke fitowa daga manyan kamfanonin fulawa na Legas da Kano da sauransu, ita ce ta fi kwanciya a cikin saniyar tatsa. Furotin ɗinta kashi 15 zuwa 17 ne, sitacinta bai kai na dusar masara ba, shanu kuma suna son ta. Aibinta tsada, don yawancin alkamar daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Idan da dusa ɗaya tak zan zaɓa wa saniyar tatsa, ita zan zaɓa. Amma haɗa ta da ta masara ya fi kowace ita kaɗai.

Dusar shinkafa ita ce wadda na fi jin tsoron a cuci mai kiwo da ita. Ta ainihi, wato lallausan ɓawon da ke tsakanin ƙaiƙayi da ƙwayar shinkafa, abinci ne mai kyau: furotin kashi 12 zuwa 14, mai kuma yakan kai kashi 15 ko fiye. Saboda yawan man nan take saurin yin ɗoyi a ajiye, kuma ba a so ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗin, don mai idan ya haura kashi 6 zuwa 7 na duk abincin saniya yana danne narkewar ciyawa. Matsalar ita ce ƙananan injinan casa da ke cire ƙaiƙayi da ɓawo a tafi ɗaya, komai ya fito a cakuɗe. Ƙaiƙayin shinkafa kuwa kusan babu abin da saniya ke samu a cikinsa, cike yake da sinadarin yashi, yana cika ciki ne kawai. Kafin ka biya kuɗi, ɗebi tafi guda ka murza a hannu. Ta kirki laushi gare ta, tana ɗan maiƙo. Mai ƙaiƙayi tana sukar tafin hannu. Sannan ka zuba a kofin gilashi mai ruwa ka motsa: ƙaiƙayi da garin katako za su taso sama, yashi ya kwanta a ƙasa. Wannan gwaji ya shafi kowace dusa, don algus ya yi yawa a kasuwar dusa idan rani ya tsananta.

Akwai kuma ragowar hatsin da kamfanonin giya da na lemon malt ke fitarwa, wanda wasu masu kiwo na kusa da su ke saye. Furotin ɗinsa ya kai kashi 25 idan an busar, yana kuma ƙara madara, sai dai ɗanyensa kashi uku cikin huɗu ruwa ne, cikin 'yan kwanaki yake ruɓewa a zafinmu. Hukuncin saye daga kamfanin giya kuwa na malamai ne, su za a tambaya. Ƙasari da dusar da aka tace daga gasara a ba su a ranar, kada su kwana.

Sai kalsiyam, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Kowace litar madara tana fita da kimanin giram 1.2 na kalsiyam daga jikin saniya. Dusa kuwa kowace iri a juye take: kilo ɗaya na dusar alkama yana da fosfaras, wani sinadarin ƙashi abokin kalsiyam, wajen giram 11, kalsiyam kuma bai wuce giram ɗaya da rabi ba, alhali saniya tana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Saniyar da aka daɗe ana ɗura wa dusa zalla daga ƙashinta take zaro kalsiyam ta zuba a madara. Wannan juyewar ce ma ke sa ragunan layya da aka cika da dusa su kamu da tsakuwar mafitsara, fitsari ya ƙi fita ana saura kwanaki Sallah. Gyaran ba tsada: garin dutsen da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, wanda suke kira laimiston. Na abincin dabbobi za ka nema, ban da farar ƙasar shafe ɗaki. Harawar gyaɗa da ta wake ma suna da kalsiyam sosai, ga furotin da yakan kai kashi 10 zuwa 15 idan ganyen bai kakkaɓe ba. A wurina damin harawa mai ganye ya fi ƙarin kwanon dusa daraja ga shanunka a halin da suke ciki.

Kanwar da Fulani suka saba ba shanu tana da gurbi a nan. Sinadarin da ke cikinta dangin wanda ke cikin yawun saniya ne, tana rage tsamin tumbi. Ɗan kaɗan a cikin abinci ko a ajiye musu su lasa yana taimakawa. Amma kanwa ba ta maye gurbin laimiston, ba ta kuma maye gurbin tuƙa.

Ga haɗin da zan ba ka shawara, a kan kilo 100: dusar masara 45, dusar alkama 25, kek ɗin angurya 27, laimiston 2, gishiri 1. Wannan zai ba ka furotin kimanin kashi 16, daidai saniyar tatsa. Idan ƙuli-ƙuli ko tunkuza ka fi samu, furotin ɗinsu ya haura kashi 40, don haka kilo 15 ya isa, ka cike sauran da dusa. Kada ka ba ƙananan maruƙa da ba su fara tuƙa ba kek ɗin angurya, akwai guba a cikinsa da sai cikakken tumbi ke iya kashewa. Ka fara cakuɗa laimiston da gishirin a cikin ɗan kwanon dusa tukuna, sannan ka watsa a babban tulin, in ba haka ba wata saniya za ta samu duka, wata ta tashi a tutar babu.

Yawan da za a bayar, da sikeli ake sanin sa. Dusa ba ta da nauyi, kwanon dusar alkama bai kai rabin nauyin kwanon hatsi ba, ta masara kuma ta fi ta nauyi, don haka "baho ɗaya" ba ma'auni ba ne. Ka auna kwanon da kake aiki da shi sau ɗaya a sikelin mai shago, ka riƙe adadin. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kilo ɗaya na haɗin ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi ta madara. Saniya mai nauyin kilo 350 tana iya cin busasshen abinci kamar kilo 9 zuwa 10 a rana, kuma aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan ya zama abin tuƙa. Wato ruwa biyunka mai lita 8 ta samu kilo 6 na kara da harawa, da kilo 3 da rabi zuwa 4 na haɗin. Kada ta ci fiye da kilo 2 a zama ɗaya. A fara zuba mata harawa ko kara da safe, ta ci, sannan dusa ta biyo baya. Maimakon damawa, yayyafa ruwa kawai za ka yi, yadda ƙura za ta kwanta, idan ka dunƙula a hannu ya haɗe amma ruwa bai ɗiga ba. Ruwan sha a ba su daban. Karan kuma a daddatsa shi kamar tsawon ɗan yatsa, za su fi cinyewa, amma kada a niƙe shi ya zama gari, don tsawon nan ne amfaninsa.

Bunajinka biyu lissafinsu daban ne, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Bunaji saniya ce mai juriya, madararta ta fi ta Firiziyan mai, amma iyakar abin da hantsarta za ta bayar a jininta yake. A ruga abin da ake tatsa bayan maraƙi ya sha yawanci lita ɗaya ne zuwa biyu. Da kyakkyawan abinci za ta ƙara, amma ba za ta kamo ruwa biyu ba ko da buhu za ta cinye. Abin da ya haura bukatarta nama da kitse zai zama. Dalilin da ya sa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aikin haɗa Bunaji da Firiziyan ke nan, haka ma tashar Tukunus a Nijar da ke zaɓen shanun Azawak masu yawan nono. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na haɗin ya ishi kowace Bunaji. Amfanin ba duka za ka gan shi a ƙwarya ba: maraƙinta zai fi girma, ita kuma za ta fi saurin karɓar barbara, ka rage tazarar haihuwa.

Lokaci ma yana da tasiri. Madara tana kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas bayan haihuwa, kuma a watanni ukun farko ne kilon dusa ya fi mayar da kuɗinsa. Saniyar da ta yi wata bakwai ana tatsa, ƙarin dusa jikinta zai gina. Saboda haka kada ka zuba wa huɗun a baho ɗaya, mai ƙarfi ta ture mai sabon haihuwa. Kowace da mazubinta. Ka sami littafi kana rubuta madarar kowace kullum. Idan ka ƙara rabin kilo, ka jira kwana goma, ka duba ko ƙarin madarar ya biya kuɗin ƙarin abincin. Ranar da ya daina biya, ka tsaya a nan.

Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan damuna, don ya wuce aljihunka ya shafi yaran da ke shan madarar. Dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana iya ɗauke da guba mai suna aflatoksin. Masara da gyaɗa su ne kan gaba wajen kamuwa, kuma idan aka ɓarji masara, gubar ta fi taruwa a dusa da tsaki. An fara gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Saniya idan ta ci, cikin kwana ɗaya wani ɓangare na gubar ya bayyana a madararta, tafasawa kuma ba ta kashe ta, mayar da madarar kindirmo ma haka. Tana lalata hanta, tana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa kansar hanta, ita saniyar ma tana rage mata ci da madara. Dusar da ta dunƙule, ko ta yi ɗumi a tsakiyar buhu, ko ta canza launi, ko take warin rumfar da ruwa ya jiƙa, a zubar da ita inda dabba ba za ta kai ba. Shanya ta a rana ba ya cire gubar. Ka ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, da damina kuma kada ka tara fiye da na mako biyu zuwa uku. Idan an daina ba da gurɓataccen abincin, madarar tana tsarkaka cikin 'yan kwanaki.

Ruwan sha kuma kada a yi masa rowa. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, ruwa biyu mai tatsa kuma a zafin Maris da Afrilu tana iya shan lita 60 zuwa 80. Wadda ake shayarwa sau ɗaya a rana za ta rage cin busasshen abinci, madara ta bi baya. A bar ruwa a gabansu, a inuwa.

Daga gobe ka rage dusar zuwa rabin abin da kake ba su, ka daina damawa, ka cika musu gaba da kara da harawa su ci iya cinsu. Bayan kwana uku ko huɗu ka fara shigo da sabon haɗin, kana ƙara rabin kilo duk bayan kwana biyu zuwa uku, har ka kai adadin cikin mako biyu, domin halittun tumbi suna bukatar wannan lokaci su saba da kowane sabon abinci. Idan wata ta daina ci gaba ɗaya, ko gefen cikinta na hagu ya kumbura kamar ganga, ko ta kwanta ta kasa tashi, wannan ba na jira ba ne, a kira likitan dabbobi nan take. Ko ba haka ba, ina so likita ya duba su sau ɗaya, ya tabbatar babu ciwon hantsa, sammore ko tsutsar hanta, don kowannensu yana rage madara ko da abinci ya yi daidai.

Kashi zai fara ɗaurewa cikin mako guda. Man madara yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin mai sayenka ta ga bambanci. Kofato ya fi jinkiri, sai an yi watanni, a ajiye mai ɗingishin a ƙasa mai laushi da bushewa. Wadda kuma ta riga ta wuce watanni huɗu da haihuwa za ta farfaɗo, amma ba za ta koma adadin da ka gani da farko ba sai haihuwa ta gaba. Ita wannan ka tsayar da tatsarta ana saura wata biyu ta haihu, ka fara ba ta kilo ɗaya na haɗin ana saura mako uku.